Rasuwar Malam Tsari, Mai Karanta Saƙon Shanu

Da zuciya mai nauyi, da baƙin cikin da ko shayi mai kauri ya kasa saukar da shi, ni Juwairiyya Audi, mai kula da kwamfuta a ƙaramin ofishinmu na lafiyar dabbobi da ke garin Birnin Gwari, a madadin kaina da abokan aikina, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar abokin aikinmu, Malam Tsari. Ya rasu ranar Larabar da ta wuce da hantsi, a gidansa da ke cikin kwamfutar ofis, bayan gajeruwar jinya. Ya bar duniya yana da shekara bakwai ko kusa da haka, wanda a danginsu tsufa ne tukuf.

Saboda waɗanda suka san sunan ba su san fuskar ba, marigayin fayil ne. Ba shi da ƙafa, ba shi da hula, amma duk wanda ya yi aiki a ofishin nan ya ɗanɗana halinsa. Ma'aikatanmu na allurar rigakafi suna shiga rugage su duba shanu, su turo abin da suka gani ta saƙon tes. Saƙon kuwa layi-layi yake zuwa, kalmomi da lambobi a jere, kwamfuta ba ta san kansa ba balle gindinsa. Malam Tsari ne ke zaunar da ita ya ce mata: wannan layin sunan ma'aikacin da ya aiko ne, wannan sunan mai shanu ne, wannan adadinsu ne, waɗannan kuma shanun ne ɗaya bayan ɗaya. Daga abin da ya karanta ake haɗa rahoton da ke tafiya hedikwatarmu a Kaduna, daga rahoton kuma ake auna allurar ciwon huhu da za a aiko mana. Saniyar da Malam Tsari bai gani ba, ba ta da allura a wannan shekarar.

Ni na haife shi, in dai za a yarda mace ta haifi malaminta. Na dawo daga wani ɗan horo da aka tura ni, kaina cike da ilimin da bai gama nuna ba, na zauna na rubuta shi da damina, janareto na tari, rufin ofis na yoyo a kan teburin da ke kusa da nawa. Shugaban ofishinmu, Malam Nababa, shi ya raɗa masa suna, domin tun ranar farko ya fara gyara wa manya kuskure ba tare da ya gaishe su ba.

Duk wanda ya zauna da marigayin zai shaide shi da rashin kwaɗayi. Nauyinsa duka bai kai na hoton biki ɗaya ba. Bai taɓa neman izinin zuwa ɗaurin aure Zariya ranar aiki ba, bai taɓa cewa babur ya yi masa faci ba. Lokacin da aka katse layukan waya a yankinmu, aka koma kawo masa saƙonni a filash, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, bayan sun kwana a aljihun mutane tare da goro, ya karɓa bai yamutsa fuska ba. Bai san ɗan wane ba. Saniyar Arɗo da ta yaron Arɗo duk layi ɗaya yake ba su. An sha roƙona in lallashe shi ya ƙara 'yan shanu a rahoto don allura ta yi rara, ni kuma in ce su je su roƙe shi da kansu, har yau babu wanda ya dawo da labarin nasara.

Ba shi da surutu. Maganarsa duka biyu ce. In saƙo ya shiga daidai, sai a ji “tilin”, mai daɗi, har mai shara takan tsaya ta yi murmushi. In an yi kuskure kuwa, sai a ji “tiƙ”, gajere, irin tsakin dattijon da ba ya son maimaita magana, sannan ya ja jan layi a daidai wurin da aka yi ɓarnar. Na sha jin haushin wannan “tiƙ” ɗin, na sha zaginsa a gaban baƙi. Yau da na kunna kwamfutar na ji shiru, sai da na fita waje na tsaya a ƙarƙashin mangwaro na ɗan lokaci.

Tunda an ce a faɗi alherin mamaci, na faɗa. Amma yana da halaye biyu da ya kamata masu ta'aziyya su sani, don su gane ciwon da ya ɗauke shi.

Na farko shi ne ƙoƙunansa. Marigayin yana da wasu 'yan wurare da yake ajiye abin da ya karanta don ya yi aiki da shi a gaba. Masana suna da sunan da suke kiransu, ni dai ƙoƙo nake ce musu, kuma bai taɓa yi mini gardama ba. Babba a cikinsu shi ne ƙoƙon adadi. In ya karanta layin da ya ce sha biyu, sai ya zuba sha biyu a ƙoƙon, sannan ya gangara ƙasa ya leƙa ciki, ya karanto shanu sha biyu, ba ƙari ba ragi. Sharaɗinsa ɗaya ne, a zuba kafin ya leƙa. In ya leƙa ya tarar ba a zuba ba, sai ya ɗauki abin da na bar masa a gindin ƙoƙon tun ranar haihuwarsa, wato sifili. In kuma ya riga ya leƙa, to an wuce wurin. Ko da kuka aka zo masa da lambar daga baya, ba zai bari a zuba ba.

Na biyu shi ne yadda yake neman hanya. Malam Tsari ba ya fara kwatance daga bakin gari, daga inda yake tsaye yake lissafi. A cikin saƙo, shanu suna ƙarƙashin mai su, mai su kuma yana ƙarƙashin ma'aikacin da ya aiko. In yana kan saniya yana son sanin mai ita, akwai ɗigo biyu da 'yar sanda a karkace da na rubuta masa, ma'anarsu ita ce: hau sama mataki ɗaya, sunan da ka tarar a can shi ne mai ita. Irin kwatancen mutanenmu ne, “gidan da ke bayan namu”, wanda yake kai baƙo daidai muddin mai maganar bai tashi daga gidansu ba. Sannan baya kaɗai yake iya dubawa. Abin da ya riga ya karanta yana sane da shi, abin da ke gaba kuwa ko ƙyallinsa ba ya gani. Shekara da shekaru waɗannan halaye ba su cuci kowa ba, domin kowane saƙo da suna yake farawa, adadi ya biyo, shanu su rufe.

Ciwon ajalin ba daga jikinsa ya taso ba. Daga wajen Kakangi ya zo, lokacin da wasu rugage suka tashi daga inda kakanninsu suka kafa turke, saboda dalilin da duk mai karanta wannan sanarwa ya sani. Suka haɗa garkensu wuri ɗaya a ƙarƙashin wani Arɗo. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi inda suka sauka ba, kuma wanda ya karanta zuwa ƙarshe ba zai tambaye ni dalili ba. Abin da zan faɗa shi ne shanu da yawa sun cakuɗu a ɗan wuri, suna shan ruwa a rafi ɗaya, wasu maruƙa a garken da ke maƙwabtaka da su kuma sun fara tari.

Wanda aka tura ya duba su shi ne Obed, ma'aikacin allurarmu da ya fi kowa daɗewa. Mutumin Gbagyi ne, yana jin Fulatanci daidai gwargwado, kuma babu rugar da ba a ba shi kindirmo. Dukiyarsa a duniya ita ce gonar dawa ta gado, da 'yan kaji, da babur ɗin da ma na ofis ne. Dama can Bafulatani ba ya ƙirga shanunsa da baki, da kamanni ya san su. Obed ya daɗe da sanin haka, shi ya sa yakan ƙirga da ido yana hira, in ya gama ya rubuta suna da adadi a saman saƙo, kowa ya yi kamar bai gani ba. Wannan karon da ya fito da waya, sai Arɗo ya dafa masa hannu. Ga yadda Obed ya kawo mana maganar.

“Likita, allura muna so,” in ji Arɗo. “Amma wannan waya taka, in an tare ka a hanya, ita ake fara karɓa. A buɗe, a ga sunan mutum, a ga lamba kusa da sunan. To ka rubuta masu katin gayyata ke nan.”

“To Baba Arɗo, yaya za mu yi?”

“Rubuta shanun. Fara, ja, baƙa, mai ƙaho ɗaya, duk rubuta. Suna da lamba kuwa ka ɗauko su a kanka, in ka isa gari ka sauke.”

Obed bai ga laifin maganar ba, ni ma da na ji ban gani ba. Sai saƙo ya shigo mana da sunan Obed a sama, tunda shi ya aiko, da shanu jere a ƙasa, babu mai su babu adadi. Da ya iso gari ya sauke sauran daga kansa. Mai tambaya zai ce don me ban ɗora su a sama da hannuna ba. To dokar aikinmu ce, saƙon da ya riga ya shigo ba a taɓa cikinsa, sai dai a ƙara a ƙasa, don kada wani ya yi aringizo. Saboda haka sunaye da adadi suka sauka a gindin saƙo, inda marigayin bai taɓa tsammanin ganinsu ba. Ranar kuma ita ce ranar da hedikwata ke rufe karɓar rahoto. Wanda bai shiga ba kafin a tashi aiki, sai zagayen baɗi.

Na yi masa tiyatar farko cikin gaggawa. A cikin tsarin karatunsa, na zare masu shanu daga saman shanunsu na mayar da su ƙasa, na mayar da layin adadi can ƙarshe, na ce bismillah. Bawan Allah ya fara karatu, ya zo inda ya saba leƙa ƙoƙo, ya leƙa, ya tarar da sifilin nan da ke gindinsa. Sai ya bi ta kan shanun nan kaf kamar mai tsallake kwata, ya rubuta cewa a wannan yanki babu ko saniya ɗaya. Da ya isa ƙasa ya tarar da adadin yana jiransa, sai ya yi “tiƙ”, ya ja jan layi, wai an kawo masa bayan ya riga ya leƙa.

Malam Nababa yana tsaye a kaina, hannu goye a baya.

“Malama Juwairiyya, sifili fa nake gani. Shanun sun yi fiffike ne?”

“Suna nan, Oga. Bai gan su ba ne.”

“To ki saya masa tabarau kafin la'asar.”

Tiyata ta biyu ta fi ta farko zafi, domin ƙoƙon adadin na cire masa gaba ɗaya. Na ce masa daga yau ba ruwansa da jiran lamba, ya yi ta karanta shanu har sai sun ƙare. Ya ɗan yi jim, fankar kwamfuta ta yi “wuuu” kamar yadda takan yi in yana tunani, sannan muka ji “tilin”. Adadin da ya fito ya yi daidai da wanda Obed ya ɗauko a kansa. Daidai lokacin sabis ɗin waya ya leƙo ta taga, shi kuwa sabis ɗin ofishinmu baƙo ne mai sauri, in ba a tare shi a ƙofa ba ya wuce. Malam Nababa ya miƙa hannu ta saman kafaɗata ya danna, rahoto ya tafi. Muka yi hamdala, aka aika sayo ƙosai. Mu uku, har da Obed, muna gaban kwamfutar, idonmu duka yana kan adadi, babu wanda ya kalli gefen da ake rubuta mai shanu.

Washegari amsa ta zo daga Kaduna, a takarda mai hatimi. An amince da allurar ciwon huhu ta shanun Malam Obed, gaba ɗayansu.

Abin da ya faru ba shi da wuyar ganewa. Na tashi masu shanu daga saman shanunsu, amma na bar wa marigayin ɗigonsa biyu da sandarsa yadda suke. Kowace saniya ya zo kanta, sai ya hau sama mataki ɗaya kamar yadda aka koya masa. Da can mai ita yake tararwa. Yanzu da babu kowa a tsakani, sunan wanda ya aiko saƙon ya tarar, ya kuma rubuta shi da zuciya ɗaya. Fara ta Obed, ja ta Obed, mai ƙaho ɗaya ta Obed, har da karsanar da aka ba wata amarya sadaki. A nasa ganin bai yi ƙarya ba, mataki ɗaya aka ce, mataki ɗaya ya hau.

Ba zan ɓoye ba, mun yi dariya har da riƙe ciki. Malam Nababa ya tashi daga kujerarsa ya miƙa wa Obed, yana cewa ranka ya daɗe Sarkin Shanu, a taimaka wa talakawa da ɗan man shanu. Aka bar takardar a bakin firinta, ofishinmu kuwa ba ya rabo da masu shigowa neman maganin tsutsa da cajin waya. Kafin azahar mai shayin bakin titi ya fara ce wa Obed Alhaji, shi da ranar Lahadi yake zuwa ibada. Wani mahauci ya tare shi yana tambayar ko akwai bijimin da za a rage. Matarsa ta bugo waya ta ce shekara nawa tana daka dawa da hannu, ashe da mai garke take zaune, ya gaya mata inda ya ɓoye su ko ta tafi gidansu.

Dariyar ba ta kai yamma ba. Ni na fara dainawa, sannan Malam Nababa. A garin nan mun san abin da ake yi wa mutumin da aka ji yana da shanu masu yawa haka, mun kuma san magana ba ta tsayawa a teburin mai shayi. Abin da Arɗo ya guje wa, mun ɗauke shi ɗungum mun ɗora wa mutumin da kullum yana kan hanyar daji shi kaɗai. Tsoro ya kama ni sosai.

Malam Nababa ya kira hedikwata ya tambaya a kaikaice yadda ake gyara suna a rahoto. Suka ce abu ne mai sauƙi, a janye rahoton, a gyara, a sake shigarwa a zagaye na gaba. Allurar kuma? Ita ma sai zagaye na gaba. Ya ajiye waya ya dube mu. Na ce a janye, na faɗa har sau biyu. Obed yana zaune a kan kular allura yana ɓare gyaɗa, shi da har yau “ka” yake ce wa mace da namiji.

“Malama, ka bar shi haka,” ya ce. “In an janye, maruƙan nan ba za su kai baɗi ba. Na ji tarin da kunnena.”

“Obed, wannan ba wasa ba ne.”

“Na sani. Ai ni ne mai bin hanyar.” Ya watsa gyaɗa a baki. “Wanda ya zo neman shanuna, in kama masa kaza.”

Malam Nababa ya ce masa ya je gida ya yi shawara da iyali. Ya je, ya dawo da safe ya ce an yi shawara, matarsa ta yi faɗa ta gaji, sannan ta ce ya tabbata an yi wa karsanar amaryar nan allura da kyau. Haka aka bar rahoton.

Ni kuwa na koma kan majinyacina, don ko ba a gyara na bana ba, kada ya ƙara wa Obed wasu shanun a wata mai zuwa. Dabarar da ta rage ɗaya ce, in koya masa in yana kan saniya ya daina hawa sama, ya gangara ƙasa can gindin saƙo ya nemo mai ita. Na san halinsa, na san ba ya ganin gaba, amma mai jinya ba ya rasa sa rai. Na rubuta masa sabuwar hanyar a hankali, na duba, na sake dubawa. Ranar Laraba da hantsi na ba shi saƙon. Fanka ta yi “wuuu”, ta daɗe tana yi fiye da yadda ta saba. Sannan ya yi “tiƙ” sau ɗaya, a hankali, ya ja jan layi tun daga sama har ƙasa. Abin da ya rubuta, in an mayar da shi Hausa, shi ne ba zai iya zuwa wurin da bai riga ya karanta ba. Daga nan ko saƙon gwaji na ba shi ba ya amsawa.

Masu ba da shawara bayan an gama sun ce ai ina da tsohon kwafinsa a ajiye, in dawo da shi mana. Ina da shi, kuma lafiyarsa ƙalau. In aka ba shi saƙo mai suna a sama, adadi a biye, shanu a ƙasa, zai yi “tilin” kamar ranar da aka haife shi. Sai dai babu mai aiko irin wannan saƙon kuma. Maganar Arɗo ta zaga, rugagen wajen Damari da Kutemeshi duk sun ce su ma haka suke so, kuma ba ni da bakin cewa ba su da gaskiya. An gina Malam Tsari a lokacin da mutum zai iya sa sunansa a saman dukiyarsa ya kwana lafiya. Wannan ne abin da ya fi ba ni baƙin ciki a rasuwar, ya fi aikin da zan sake daga farko.

Marigayin ya rasu ya bar mata ɗaya, wato kwamfutar ofis, wadda batirinta ke ɗaure da roba, tana nan tana takaba a kan teburina, an lulluɓe ta da ɗankwali saboda ƙura. Ya bar 'ya'ya da dama a foldoji daban-daban, daga cikinsu akwai Tsari Sabo, da Tsari Sabo Na Gaske, da Tsari Na Ƙarshe, da ƙaninsa Tsari Na Ƙarshe Wallahi, da autansu Kada A Taɓa Wannan, wanda kowa ya taɓa. Ya bar ɗan'uwa shaƙiƙi mai karanta saƙon awaki da tumaki, wanda yake raye amma jikin sai a hankali, tunda gidansu ɗaya halinsu ɗaya. Ya bar aminiyarsa firinta, wadda ba ta iya riƙe sirri ba, muna kuma roƙon masu zuwa gaisuwa kada su zauna kusa da ita. Akwai magaji a hanya, ina kan rubuta shi. Zai karanta saƙo duka tukuna kafin ya buɗe baki, kuma wata alama zai riƙa ba kowane garke maimakon sunan mutum. Ba a yi suna ba tukuna, Malam Nababa ya ce sai ya ga halinsa.

Duk wanda ke bin marigayin gyaran suna ko kamannin saniya, ya same ni a ofis bayan azahar. Wanda marigayin ya taɓa yi wa “tiƙ” a gaban jama'a, muna roƙon ya yafe masa, aikin ne ya zo da haka.

Akwai wasiyya ɗaya da nake isarwa a madadinsa, tunda shi ya rubuta kuskuren bai kuma samu ikon gyarawa ba. Obed ba shi da saniya. Ba shi da maraƙi, ba shi da ko igiyar ɗaure shi. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan sanarwa ya kai maganar kasuwa, ya kai ta tasha, ya ajiye ta a teburin mai shayi, ya bar ta ta yi tafiyarta har inda ta farko ta kai. In kuma sanarwar ta isa hedikwata, muna ba da haƙuri, cikakken bayani yana nan tafe da zarar allura ta shiga jikin shanu.

Jana'iza za ta kasance kamar haka. Gobe da safe, in Allah ya kai mu, za a ɗauke marigayin daga foldar aiki zuwa foldar tsofaffi, inda za a kwantar da shi kusa da takardun taron bara. Ba a bukatar masu ɗaukar makara, dannawa biyu ce. Za a yi zaman makoki a ƙarƙashin mangwaron ofis, Malam Nababa ya ɗauki nauyin ƙosai, masu zuwa su taho da kujerunsu. Maimakon gudummawa, mai firji ya taimaka mana da ƙanƙara, domin allurar ta iso kuma ba ta son zafi.

Ba za a sanar da ranar kai allurar ba, ba kuma za a sanar da hanya ba. Game da addu'a, mun gode da niyya, amma marigayin fayil ne, ba ya bukata. Wadda kuka tanadar masa ku yi wa Obed ita. Cikin makon nan zai ɗaure kula a bayan babur ya shiga daji shi kaɗai, da takardar da ta ce shanun duka nasa ne a aljihunsa. Allah ya kai shi lafiya, ya dawo mana da shi lafiya.

Sanarwa daga Juwairiyya Audi, a madadin iyalai da abokan aikin marigayin.